Kai Yara Wurin Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Da sallah ta ƙarato ko aka ba da hutun makaranta, iyaye kan shiga tambayar juna game da wuraren wasan yara: ina za a je, nawa za a kashe, kuma lilon nan mai wulwula mutane a sama ba ya tsinkewa? Da yake a danginmu ni aka mayar direban yara a irin waɗannan ranaku, yawancin tambayoyin a kaina suke ƙarewa. Ga waɗanda aka fi yi, da amsar da nake bayarwa bisa abin da na gani da kuma ra'ayina.

Wurin lilo, gidan zu, lambun shaƙatawa: ba duk abu ɗaya ba ne?

Gara a bambance su tun daga gida, don yaron da ya ƙwallafa rai a kan motar karo ba zai gamsu da kallon kura a keji ba. Gidan zu na dabbobi ne, kamar na Audu Bako a Kano da aka kafa a farkon shekarun 1970, da Sanda Kyarimi a Maiduguri wanda ambaliyar Satumbar 2024 ta yi wa mummunar ɓarna. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama ya haɗa kayan tarihi da dabbobi wuri guda. Lambun shaƙatawa kuwa ciyawa ce da inuwa da wurin shimfiɗa tabarma, irin Millennium Park na Abuja da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003.

Wanda muke magana a kansa shi ne mai injuna: dawakin roba masu zagaye, motocin karo, ƙaramin jirgin ƙasa, kwalekwale mai lilo gaba da baya, da babban lilo mai siffar ƙafar keke. Wanda aka fi sani a Abuja shi ne Magic Land, da ake kira Wonderland a da, kusa da ƙofar shiga birni da babban filin wasa na ƙasa. A Kaduna akwai Ƙofar Gamji a bakin kogi, wadda ta ɗan taɓa kowane fanni. Legas na da na Apapa, ga kuma Hi-Impact Planet a hanyar Legas zuwa Ibadan. Ban da waɗannan akwai ƙanana a cikin manyan kantuna, sai na wucin gadi da ake kafawa a fili da sallah a kwashe bayan 'yan kwanaki. Na ƙarshen nan su suka fi araha, su kuma suka fi bukatar ido.

Wace rana ta fi dacewa a je?

Duk ranar da ba sallah ba. Na san amsar ba ta yi wa kowa daɗi. Ranar sallah da kwana biyun da ke biye, layi za ka saya da kuɗinka: layin tikiti, layin shiga, layin kowane lilo, layin banɗaki. Yaro zai tsaya rabin awa a rana cikin sabuwar shadda mai kauri don hawan da bai wuce minti uku ba, kuma saboda yawan masu jira, mai lilon ma rage lokacin yake yi. Injin da ya saba hutawa tsakanin hawa da hawa, ranar ba ya tsayawa tun safe. Mai kula da shi ya gaji, ga hayaniya, ga masu cusa masa kuɗi a hannu don a shigar da nasu ta bayan layi.

Wanda ya san Titin Gidan Zu a Kano da yammacin sallah ya san abin da nake nufi. Kowa ma ya tuna 2019, da aka yi ta yaɗa cewa goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai na cinikin sallah a gidan zun, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a wurin. Bar dariyar labarin a gefe, ka lissafa ƙafafu nawa suka bi ta ƙofa guda kafin a tara kuɗin nan daga 'yan canjin tikiti.

Cunkoson yara kuwa yana kisa. A Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsutsu a wani bikin wasan yara a Ibadan, inda aka yi alƙawarin rabon kuɗi da abinci. Duk inda ka ji an ce shiga kyauta ne kuma za a yi rabo, fara tambayar ta wace ƙofa za a fita.

Zaɓina ranar aiki ce a cikin hutun makaranta, ko mako guda bayan sallah. A je da zarar an buɗe, ko bayan la'asar in bazara ce, domin a Maris da Afrilu ƙarfen zamiya da kujerun lilo na iya ƙona cinyar yaro da tsakar rana. Taɓa da tafin hannunka kafin ka zaunar da shi.

Yaran sun nace sai da sallah. Ya zan yi da su?

Rabin abin da suke so shi ne a gan su da sabon ɗinki da lalle da tabarau, su kuma samu labarin bayarwa in an koma makaranta. Yawon sallah gidajen dangi da kallon hawa suna biyan wannan bukata. A gidanmu haka muke rabawa: kwanakin sallah na gaishe-gaishe ne da kallon dawakin sarki, wurin wasa kuma sai ƙura ta lafa, a sake sa kayan sallar a tafi. Sharaɗin shi ne ka sa rana ka cika, don yaro ba ya manta "ran Talata". A kuma bar musu wani abu daga barka da sallarsu su riƙe na ranar, ban da irin ajiyar nan ta wurin Mama da kowa ya san inda take ƙarewa.

In ba makawa sai da sallar, a je da wuri, a fita kafin azahar, kuma kada babba ɗaya ya ɗauki yara fiye da uku.

Nawa ya kamata in tanada?

Farashi yana canzawa tsakanin wannan sallah da waccan, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tunda wuraren nan sun dogara da janareta. Tsarin ne ba ya canzawa: kuɗin ƙofa daban, kowane hawa da tikitinsa, sannan abin da ake sayarwa a ciki, wanda shi ke cin aljihu a ɓoye. Gugguru, askirim, balan-balan, fentin fuska, da mai hoton da zai ɗauka kafin ya tambaye ka. Mutane da yawa kuɗin ƙofa kawai suke lissafawa, sai an shiga su ga ashe ƙofar ce mai sauƙin. Ka tambayo farashin ranar, har da ko babban da ba zai hau komai ba yana biya. Tikitin da ya haɗa komai, in wurin yana da shi, ribarsa sai ranar da babu layi.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in sayi tikiti daidai ƙarfina, in ƙirga wa kowane yaro nasa a hannu, in ce daga waɗannan babu ƙari. Sai ka ga yaron da a gida ba ya iya haƙurin minti ɗaya ya tsaya yana nazari, ya leƙa wannan ya leƙa wancan, yana shawara da ƙanwarsa ko su haɗu su shiga mota ɗaya su rage tikiti. Rigimar "Baba, saura wancan" sai ta mutu da kanta. A riƙe tsabar kuɗi, domin inda jama'a suka taru sabis kan yi rauni, tiransifa ta maƙale kana tsaye yara na jan rigarka. Kuɗin motar komawa a sa shi a wani aljihun daban.

Gaskiya lilon nan ba su da haɗari?

Suna da shi, kuma ba a ƙasashen talakawa kaɗai ba. A ƙarshen Yulin 2025 wani babban lilo ya karye gida biyu da mutane a kai a Ɗa'ifa ta Saudiyya, fiye da mutum 20 suka ji rauni. Duk da haka ba na cikin masu cewa a ƙaurace. Abin da nake cewa shi ne kada ka bar wa kowa aikin dubawa. Ba a gabanka aka yi wa injin gyara ba, amma kana da ido da kunne, kuma kallo kyauta ne.

Kafin ka sayi tikitin kowane lilo, tsaya ka kalli zagaye biyu, ka fara da mai kula da shi kafin injin. Yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga ƙarfen da ke tare cikin yaro, ko daga nesa yake cewa "kowa ya riƙe"? In ya kunna, yana tsayawa kusa da makunni, ko yana komawa kan wayarsa? Kujerar mutum biyu, uku yake cusawa? In yaro ya fashe da kukan gaske, yana tsayarwa? Wanda ya faɗi wannan jarrabawa, ko injinsa jiya aka sauke shi daga jirgi ba na ba shi ɗana.

Sannan ka dubi injin: mahaɗar ƙarfe, inda aka yi walda, ko an zura ƙusa ko waya a ramin da ya kamata a ce noti ne. Sabon fenti ba shaida ba ne, gab da sallah kowa yana fenti. Ka saurari ƙararsa. Mai lafiya sautinsa ɗaya ne, mai matsala yana da wani gurnani ko ƙwanƙwasa da ke dawowa a wuri ɗaya kowane zagaye. Ka dubi ƙasa, musamman da damina, ko akwai wayar wuta kwance cikin laima an naɗe mahaɗarta da leda. Ka duba shinge, don ƙaramin da ke tsaye a gefe yana iya rugawa ƙarƙashin abin yana juyawa saboda ya hango yayarsa.

A wani fili da aka kafa lilo da sallah na ga kujerar da makullin ƙarfenta ya lalace, an ɗaure shi da robar tayar babur. Na ce wa yaron da ke kula da shi, "Samari, wannan robar ce ke riƙe da mutum?" Ya ce, "Alhaji, tun safe a haka ake hawa, ba abin da ya faru." Duk inda na ji wannan amsa, nan nake juyawa da yarana ko da na riga na biya.

In aka ɗauke wuta muna sama fa?

Yana faruwa, kuma a wurinmu ba abin mamaki ba ne. Babban lilo in ya tsaya, kujerarka tana nan rataye yadda take. Ka zauna, ka riƙe yaro, kada ka ɗaga ƙarfen, kada wani ya ce zai sauko ta jikin ƙarafa. Jira za a yi a tayar da janareta ko a juyo da shi a hankali. Ka gaya wa yara wannan tun kuna layi, cikin raha, don kada ya zo musu a ba-zata. In kai ne a ƙasa su suna sama, ban da ihu da ɗora hannu a ka. Fuskarka suke kallo su gane ko abin tsoro ne.

Gidan balan-balan da ƙanana ke tsalle a ciki ai shi ba shi da matsala ko?

Shi iyaye suka fi sakin jiki da shi, shi kuma na fi zuba wa ido. Iska ce ke riƙe da shi, injin hura iskar kuma dole ya yi ta aiki. Da an ɗauke wuta sai ya fara lotsawa, bango da rufi su kwanto kan yaran da ke ciki, don haka dole a samu babba a bakinsa da zai fito da su nan take. Ka duba ko an kafe shi da turaku a ƙasa. A Disambar 2021 guguwa ta ɗaga irinsa sama a wata makaranta a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, yara shida suka rasu. Mu da muka san iskar farkon damina, da hadari ya haɗo a fito da yara, ba sai an ga yayyafi ba.

Abin da na fi gani dai shi ne haɗa ɗan shekara uku da ɗan shekara goma a ciki. Babban ya dira, ƙaramin ya tashi sama ya faɗo da ka, ko a yi karo goshi da haƙori. In ba a raba su rukuni-rukuni, jira manyan su fita.

An hana ɗana hawa wai bai kai tsawo ba. In lallaɓi mai lilon?

Kada ka roƙa, kada ka ba da na goro. An ƙera ƙarfen ko bel ɗin ne don ya kama mai wani tsawo, wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashi. Ni in na ga an kafa sandar awo har an hana ɗana, hankalina ya fi kwanciya da wurin. Haka gargaɗin da ake rubutawa ga mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ciwon baya, a ɗauke shi da gaske.

Na biya kuɗi, yaro ya ce tsoro yake ji. In tilasta masa?

A'a. Wannan na cikin abin da ya fi ɓata mini rai a wuraren nan. Yaro ya ga abin ya ja da baya, sai a hau shi da "kai ba namiji ba ne?", "dubi ƙanwarka ma ta hau", a ɗaga shi a dasa a kujera yana kuka, uban ya koma gefe ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyon da zai sa a sitatus. Wannan hawan uban aka yi wa. Kuma yaron da ya firgita shi ne ke ƙoƙarin miƙewa ko zamewa ana tsakiyar juyi.

Bar shi ya kalla. Autarmu ta taɓa ƙarar da ziyara guda cur a jikin shingen dawakin roba, ta riƙe ƙarfe da hannayenta masu jan lalle, tana bin wani farin doki da ido duk sanda ya zagayo. Ba ta hau ba, amma a mota ita ta fi kowa labari. Da aka koma, ita ta ja ni zuwa wurin dokin, ta ce in tsaya a gefenta in dafa mata baya. A zagaye na biyu ta ce, "Baba, sake ni."

Wace irin sutura ta dace?

Duk abin da ke reto a jiki a tattare shi: gyale, jelar hijabi, hannun babbar riga, igiyar jaka. Inda ya fi haɗari shi ne ƙananan motocin tsere masu inji a bayan kujera, don ƙafa ko sarƙa na iya cafke bakin mayafi ta naɗe shi a wuya cikin ƙiftawar ido. Ba sai an cire hijabi ba, a sa madaidaici a tura bakinsa cikin riga. 'Yan mata a sa musu wando ƙarƙashin doguwar riga, su hau abin da suke so ba ana ta ja musu zane ba. Hula da silifas da waya a bar wa na ƙasa. Hular da ta faɗa cikin shinge ta zauna can sai an kashe inji.

Me ke kawo jiri da amai bayan an sauko?

A cikin kunne akwai sashen da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na tsaye ko yana motsi. In abin da yake faɗa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai hajijiya da tashin zuciya su biyo baya. Masu juyawa a wuri ɗaya sun fi kawo shi, kuma na lura manya sun fi yara shan wahalarsa. A bar shinkafar sai an gama hawa, a huta tsakani, a sha ruwa, a sa leda a jaka.

In yaro ya ɓace a cikin taro?

Shirin wannan a gida ake yi. Rubuta lambar wayarka ka sa a aljihun kowane yaro, ƙananan a rubuta musu a damtse da biro. Ka ɗauke su hoto a bakin ƙofa, don in hankali ya tashi ba za ka tuna kalar rigar da aka sa masa da safe ba, ga shi da sallah anko ya yi yawa. Da an shiga a nuna musu wuri ɗaya da ake hangowa daga ko'ina, a ce wanda ya rasa mu ya tsaya nan. Ka koya masa cikakken sunanka, tunda "Baba" da "Mama" kowa amsawa zai yi. In ya ɓace, mutum ɗaya ya tafi ƙofar fita nan take ya tsaya, ɗaya ya sanar da ma'aikata, sauran yaran a tara su wuri guda da babba. Kuma a daina ɗora wa 'yar shekara tara rainon ɗan shekara biyu a cikin taro, ita ma wasa ta zo yi.

Babba ya hau, girma bai faɗi ba?

Mu muka ɗora wa kanmu cewa aikin dattijo riƙon takalma da jaka a gindin bishiya. Ni motar karo na fi so a duk wurin, domin nan ne kaɗai ɗanka zai auno ka da gangan ya buga maka mota, ka rama, kuma ba a ce wani ya yi rashin kunya ba. Mun taɓa lallaɓar wata goggonmu, wadda ta zo da carbinta da niyyar gadin kaya, ta shiga tare da jikanta. Ta fara da "A'uzubillahi, ku fitar da ni!", ta ƙare tana nuna masa wanda zai buga: "Wancan mai jar hular, bi shi!" Har yau in an taru sai an tayar da zancen.

Abin da ba na so shi ne samari su mamaye abin da aka yi don ƙanana, ko su riƙa jijjiga kujera a sama don su tsorata 'yan mata. Wurin da ke barin haka ba na komawa.

Ta fuskar addini fa?

Fatawa ta malamai ce. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci ranar idi, Annabi (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Faranta wa iyali rai da wasa ba baƙon abu ba ne. Abin da ke damun mutane shi ne abin da ke kewaye da wasan: cakuɗuwa, kiɗa mai cika kunne, da sallar da ke wucewa ana tsaye a layi. Duka sun fi tsanani ranar cunkoso. Ka tambayi wurin sallah tun shiga, ka fito da alwala, ka riƙe dadduma.

Na ƙasashen waje sun fi namu nesa ba kusa ba, ko zuzutawa ce?

Ta fuskar girma da tsari, tazarar tana da yawa. Sun daɗe a harkar: Tivoli na ƙasar Denmak tun 1843 yake aiki, injiniya George Ferris ya gina babban lilonsa mai siffar ƙafar keke don baje kolin Shikago na 1893, Disneyland kuma an buɗe ta a Kalifoniya a 1955. Mutanenmu sun fi sanin na ƙasashen Larabawa. Masu zuwa Umara kan biya Al Shallal a Jidda, 'yan kasuwar Dubai su kai iyali Global Village ko su ƙarasa Ferrari World a Abu Dhabi, inda ake harba jirgin Formula Rossa ya kai gudun kilomita 240 a awa cikin kusan daƙiƙa biyar, har sai an ba mahaya tabarau saboda ƙura da ƙwari.

Irin wannan jirgi mai hawa da gangara, rola kosta, yawancinsu ba su da inji a jiki. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa tudun farko, ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji kuma ta haƙoran da ke hana shi komawa baya ce. Daga nan nauyinsa ke kai shi har ƙarshe, shi ya sa tudun farko ya fi sauran tsawo. Ƙafafunsa sun kama dogo ta sama da gefe da ƙasa. Sanin wannan yana rage tsoro, ko da yake ba ya hana hanji tasowa wuya a gangaren farko.

Abin da ya fi burge ni a can ma'aikatan ne. Mutum zai bi kowace kujera ya taɓa da hannunsa, ya ɗaga wa abokin aikinsa yatsa, sannan a kunna, kuma yadda ya yi da safe haka zai yi da dare. Layi kuma layi ne, babu "ka san ko ni wane ne". Wannan ba ya bukatar dala, kuma shi nake so masu wurarenmu su kwaso kafin su kwaso sabon inji. Ɗan shekara biyar dai kada a ci masa bashin Dubai, dokin roba na garinku ya ishe shi muddin kana tsaye kana ɗaga masa hannu.

'Ya'yan maƙwabta sun ce za su bi mu. In tafi da su?

In da hali ka tafi da su, amma iyayensu su yarda da bakinsu, ban da saƙon yaro. Kuma ka yi musu daidai da naka. Kai yaro wurin wasa ya tsaya yana kallon 'ya'yanka suna hawa ya fi barin sa a gida ciwo. Kuɗin hawa biyar-biyar na yara uku shi ne uku-uku na yara biyar.

Yaushe ya kamata a kama hanyar gida?

Tun ba su gaji ba. Awa biyu zuwa uku sun ishi 'yan ƙasa da shekara bakwai, abin da ya wuce haka kuka ne da rigima, a koma gida kowa rai a ɓace. Ka sanar tun da saura: "hawa biyu ya rage", sannan "wannan ne na ƙarshe", ka kuma bar wanda suka fi so ya zama na ƙarshen. Ka fita kafin magariba, domin lokacin kowa ke fita, ƙofa ta cushe, 'yan adaidaita sahu su ninka kuɗi, masu yankan aljihu su samu kasuwa. In kana da ɗan adaidaitan da ka saba da shi, ku yi magana tun da rana ya dawo ya ɗauke ku, ku ajiye wurin haɗuwa nesa kaɗan da bakin ƙofa. Kafin a tashi a kira yara da suna ɗaya bayan ɗaya, a kuma ƙirga takalma.